Gogen Dare Da Kaset Ɗin Da Ya Ƙone A Kasuwar Kafanchan

Na san wasu za su yi mamakin abin da na ɗauko yau, domin kun saba in na zauna rubutu, ko dai maganar kasuwa ce ko ta zaman da muke yi da maƙwabtanmu a nan kudancin Kaduna. To yau maganar goge zan yi. Wanda ya ji ransa ya sosu tun daga jin sunan, ina roƙon ya daure ya kai ƙarshe, in ya so sai ya yanke mini hukunci.

Abin ya faro ne a ƙarshen shekarar 2023. Duk mai harkar citta a Kafanchan da Kaciya da Kwoi ba zai manta da wannan shekara ba, don ita ce shekarar da cuta ta faɗa wa citta tun tana gona, ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Lokacin da muka saba ganin sito ya cika har bakin ƙofa, mata na tsinta, 'yan dako na ɗinkin buhu, sai ga mu ni da Baba zaune a kan benci muna korar ƙuda. Ran nan da la'asar sakaliya wani abokina ya biyo. Ɗan Bajju ne, tare muka yi sakandare, shi ke kaɗa musu piyano a cocinsu, kuma mutum ne mai kwashe-kwashen kiɗe-kiɗen duniya a waya. Bayan ya durƙusa ya gaida Baba, sai muka koma gefe, ya ce in saurari wani abu da ya samo.

Wani sauti ne mai kauri, kamar muryar dattijo yana magana shi kaɗai a ɗaki. Ya sauka ƙasa, ya hau, ya ɗan dakata kamar mai tunani, ya sake komawa inda ya baro. Ba ganga, ba waƙa. Ni dai gaskiya ban ji wani abin a zo a gani ba, har na buɗe baki zan ce ya sa mana wani abu mai motsi. Sai muka ji muryar Baba, wanda na ɗauka gyangyaɗi yake da carbi a hannu.

"Kai, wane ne wannan mai gogen?"

Abokina ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba goge ba ne. Celo sunansa, na Turawa ne. Wanda ya tsara kiɗan ya fi shekara ɗari uku da rasuwa."

Baba ya ce, "Mayar da shi baya in ji."

Sau uku aka mayar. A na ukun ya ajiye carbin a cinya, ya ce, "Mutumin nan shi kaɗai yake. Ba mai ƙwarya, ba 'yan amshi." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Haka Baba mai goge yake yi in dare ya raba."

Jama'a, sai kun san mahaifina za ku gane abin da na ji. Mutum ne da sahun farko ba ya wuce shi. Tun ina yaro, in rediyo ya sako kiɗan goge ko kukuma, kafin ka ƙifta ido ya murɗa tasha. Daga bakinsa na fara jin kirarin nan da ake yi, wai goge kan bidi'a. Yau ga shi yana kiran wani mai goge da Baba, har muryarsa na rawa.

Kafin in ba ku labarin da ya ba mu, bari in faɗi abin da na bincika game da wannan Baturen, don shi ne ya buɗe bakin Baba. Sunansa Domenico Gabrielli, mutumin birnin Bolonya ne a ƙasar Italiya, ya rasu a 1690. Celo kuwa wani babban ɗan uwan goge ne mai tsirkiya huɗu, na katako, girmansa ya kusa kai ƙirjin mutum, a zaune ake kaɗa shi an maƙale shi tsakanin ƙafafu. A zamanin da Gabrielli ya taso, aikin irin wannan kayan kiɗa shi ne rakiya kawai. Yana can baya yana riƙe wa mawaƙa da sauran makaɗa gindin kiɗa, kamar yadda mai ƙwarya ke riƙe wa mai goge. Ba wanda ke zuwa don ya saurare shi. To wajen shekarun 1660 sai masu sana'ar tsirkiya suka fara naɗe tsirkiyar hanjin tumaki da siririyar waya, wanda ya sa gajeriyar tsirkiya ta iya ba da murya mai kauri. Da haka aka rage girman kayan, yatsun makaɗi suka samu damar yin gudu a kai.

Gabrielli ya gaji malaminsa Petronio Franceschini a matsayin mai celo na babbar majami'ar San Petronio a 1680. A 1683 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar makaɗan Bolonya da ake kira Accademia Filarmonica. 'Yan garinsu har laƙabi suka yi masa da yarensu, wanda ma'anarsa kamar a ce ɗan Domenico mai celo, irin dai yadda mu ma muke cewa wane mai goge, wane mai kukuma. An taɓa sallamarsa daga aikin majami'ar a 1687 saboda rashin zama wurin aiki, daga baya aka mayar da shi. Ya kuma yi wa sarkin Modena, Francesco na biyu, hidima. A 1689, shekara ɗaya kafin mutuwarsa, aka rubuta wasu kiɗe-kiɗensa guda 7 na celo, waɗanda suke cikin na farko-farko da aka sani an tsara wa wannan kayan kiɗa ya tsaya da ƙafarsa. Ba a buga su a ɗab'i ba yana raye. Rubutun hannu ne ya zauna a ɗakin ajiye littattafan gidan sarautar Modena, ya shekara ɗaruruwa, har aka zo aka tono shi. Sunan irin wannan kiɗa a wurinsu ricercare, kuma asalin kalmar a Italiyanci nema ne ko bincike. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Yanzu ga labarin Baba. Kun san dai Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya ta. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya mayar da ita mahaɗa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. A 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan. Kakana ya zo daga ƙasar Zazzau a bayan haka, yana sayar da goro a bakin tasha, a nan ya haifi Baba. Ni da na taso jirgin ya riga ya yi sanyi, sai tsofaffin taragu da ciyawa ta cinye. Amma Baba ya ce a ƙuruciyarsa garin ba ya barci. Ma'aikatan reluwe ne ko'ina, Ibo da Yarbawa da Hausawa da mutanen ƙasar nan, in an yi albashi otal-otal na kusa da tasha sai su cika.

A ɗaya daga cikin waɗannan otal ɗin wani dattijo yake kiɗa. Daga wajen Katsina ya zo, da rana lebura ne a loko inda ake gyaran kan jirgi, da dare ya ɗauki gogensa. Kowa Baba mai goge yake ce masa. Gogen nasa irin wanda kuka sani ne: rabin ƙwarya an rufe da fatar guza, an soka sanda, an ɗaura tsagiyar doki ta bi ta kan jaki, sai ɗan bakan da ake gogawa, shi ma na tsagiya, ana shafa masa ƙaro don ya kama. Yana da yara biyu masu ƙwarya. Aikinsa shi ne ya kaɗa wa kowa takensa, direban jirgi da nasa, mai gadin tasha da nasa, matan gidan da nasu, a taso a yi rawa a yi liƙi. Baba ya ce shi a lokacin saurayi ne mai kai wa kakana kuɗin ciniki, sai ya riƙa maƙalewa a jikin taga yana leƙe, don in aka gan shi a ciki kashinsa ya bushe a gida.

Abin da ya kama zuciyar Baba yana zuwa ne bayan an watse. In masu rawa sun tafi, yaran ƙwarya sun kwashi rabonsu, sai dattijon nan ya ja kujera bayan gida wajen da ake jibge itace, ya ɗan sassauta tsirkiya muryar gogen ta sauka, ya kama kiɗa shi kaɗai. Ba ya waƙa, ba ya kiran sunan kowa, ba kuma wanda zai ba shi ko kwabo. Wata rana Baba ya yi ƙarfin hali ya fito daga maɓoyarsa, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wannan taken wane ne?" Dattijon ya dube shi ya ce, "Ba na kowa ba ne, yaro. Lalube nake yi."

Da Baba ya kawo nan, abokina ya dube ni na dube shi, don shi ya riga ya san ma'anar sunan kiɗan da ya sa mana. Ɗan Bolonya yana nema, leburan loko yana lalube, tsakaninsu shekara kusan ɗari uku da teku da hamada, kuma babu wanda ya taɓa jin labarin wani.

A 1984, da Baba ya ci ribarsa ta farko a citta, ya sayi rediyo mai kaset. Abu na farko da ya ɗauka da ita shi ne wannan kiɗan na dare. Ya ce dattijon da farko ƙi ya yi, wai me za a yi da shirme, a bari ya kaɗa taken wani babban mutum mana. Da ƙyar ya yarda. Fuska ɗaya ta kaset ta cika, har da kukan jirgi a can nesa da tarin dattijon a tsakiya. Bayan 'yan shekaru dattijon ya rasu. Baba kuma ya yi aure, ya shiga karatu wurin malamai, ya zama mutumin da na sani. Kaset ɗin bai iya kai shi gida ba don kunya, bai kuma iya jefar da shi ba. Sai ya sa shi a ƙasan akwatin ƙarfen da yake ajiye littattafan bashi a shagonmu na cikin kasuwa.

Sauran kun sani. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, wutar da ta tashi a arewa ta iso mana, kasuwar Kafanchan ta ƙone. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya a lokacin. An rasa rayuka, Musulmi da Kirista, a nan da Zonkwa da Matsirga da wasu garuruwan, saboda haka ba zan tsaya ina kukan shago ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da na tuna shi ne ranar da muka je duba wurin, Baba ya tsuguna ya buɗe akwatin nan da ya lanƙwashe, ya daɗe yana tona toka da yatsa. Duk mun ɗauka littattafan bashi yake nema. Shekara goma sha biyu ina wannan zato, sai ran nan a bakin sito ya ce mana, "Bashi ai na san masu shi a ka. Kaset ɗin nake dubawa."

Wannan magana ta hana ni barci. Na yi ta tambaya a wurin tsofaffin unguwa, har aka ce mini ɗaya daga cikin yaran ƙwaryar yana raye, amma ya bar Kafanchan tun bayan rikicin, yana wani gari a hanyar Saminaka. Ban gaya wa Baba ba na shiga mota. Na same shi tsoho tukuf, yana sayar da goro da alewa a tire a ƙofar masallaci. Da na faɗi ɗan wane ne ni, ya yi murna ƙwarai, ya tambayi mutanen da rabinsu sun mutu. Amma da na ambaci goge sai ya ɗaure fuska, ya waiga ko wani ya ji, ya ce, "Ɗana, ni na tuba da wannan tuntuni. 'Ya'yana ma ba su san na yi ba."

Na ba shi haƙuri, na ce ba tonon asiri ya kawo ni ba, na ba shi labarin kaset. Ya yi shiru, can ya ce in biyo shi gida. Daga saman rufin ɗaki ya sauko da wani buhu. Gogen ne. Ɓera ya cinye fatar, tsagiya babu ko sili ɗaya, sai ƙwaryar da sandar da ta yi baƙi da santsi a inda hannu ke kamawa. Ya ce maigidansa ne ya bar masa, ya kasa ƙonawa, ya kasa nunawa. Na ce a raina, ashe su biyu ne masu ciwo iri ɗaya.

Na ce, "Baba, ko za ka iya tuna kiɗan nan na dare?"

Ya ce, "Take-take dai na sani, don ni ke riƙe masa ƙwarya. Amma na dare ba wanda ya koya. Kullum daban yake yin sa. Ni ma ta katanga nake ji in na yi kamar na tafi."

Na roƙe shi ko da baki ne ya kwatanta. Ya rufe ƙofa, ya rufe ido, ya yi ɗan gunguni da hanci wanda bai kai minti ɗaya ba, sai ya tsaya ya ce astagfirullah, iyakar abin da ya rage ke nan. Na ɗauka a waya da izininsa. Da na dawo na sa wa Baba, ya saurara sau biyu, ya ce, "Ya yi kusa. Amma ba shi ba ne." Bai yi mini faɗan tafiyar ba, bai kuma ce in goge ba.

'Yan uwa, ni ba malami ba ne, ban kuma zo yin fatawa kan kiɗa ba. Malamai sun yi maganarsu, kuma na san abin da ya sa ake ƙyamar goge: an san shi da bori, an san shi da gidajen giya da na mata masu zaman kansu. Ban ce kowa ya koma otal ba. Abin da ke damuna daban ne. Gabrielli bai fi Baba mai goge kusanci da mu ba, amma yau ina iya jin abin da ya lalubo a 1689 ina zaune a Kafanchan, na kasa jin abin da aka kaɗa a bayan tasharmu a 1984. Dalili kuwa shi ne nasa an rubuta, an kuma samu gidan da ya ga darajar takardar ya adana. Namu kaset ɗaya ne tak, a hannun mutum ɗaya mai jin kunyarsa.

Kada a ce duk makaɗanmu haka suka ɓace. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, muryarsa na nan a kowace tasha. Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukur nan kusa da mu, ya tsaya shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya har duniya ta san shi, ya rasu a 2015. Masu kukuma irin su Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam, da masu goge irin su Garba Liyo, su ma an ɗauke su. Har wani Ba'amurke mai suna David Ames ya zauna a Zariya a 1963 zuwa 1964 yana ɗaukar makaɗan Zazzau, daga baya shi da Anthony King suka fitar da littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Amma waɗannan duk ko dai suna da gidan rediyo a kusa, ko sarki, ko attajiri, ko mai bincike. Makaɗin ƙaramin gari a bakin iyakar ƙasar Hausa, wanda masu sauraronsa leburori ne, ba shi da ko ɗaya.

A nan ne abin ya shafe mu, mu da ake kira 'yan zuwa. In gardamar asali ta tashi, kowa a cikinmu ya haddace shekaru: an kafa masarautar Jama'a wajen 1810, jirgi ya zo 1927, fada ta dawo 1933. Amma in aka ce mana to me kuka yi a nan, wace irin rayuwa kakanninku suka yi, me suka ji, me ya sa su dariya, sai mu kama inda-inda. Maƙwabtanmu na Kagoro duk ranar 1 ga Janairu suna fitowa bikin Afan da ƙahonninsu da gangunansu, yaransu na gani suna koya. Abokina ya taɓa ce mini, cikin wasa amma ta shige ni, "Ku naku ɓoyewa kuke yi, in ya ɓata kuma ku ce an ƙone muku." Wuta ta ci kaset ɗin Baba, haka ne. Amma shekara ashirin da bakwai yana kwance a akwati, ba a kwafe shi ko sau ɗaya ba, kuma wannan ba laifin wuta ba ne.

Akwai kuma abin da ban so mu manta. A wancan otal ɗin, waɗanda suka yi rawa da gogen Bakatsine ba Hausawa kaɗai ba ne. Kakannin waɗanda muke hararar juna da su yau suna ciki, kowa da takensa. Wannan ma tarihin garin nan ne, ko da ba irin wanda ake faɗa a kan mumbari ba ne ko a taron siyasa.

Saboda haka ga roƙona. Duk wanda ya san akwai tsohon kaset a gidansu, a Kafanchan ne, ko Zangon Kataf, ko Jagindi, ko Gidan Waya, ko kuma kuna cikin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Kaduna da Zariya da Jos, don Allah ya duba ƙasan akwati da adakar tsofaffi. Ko wa'azi ne, ko waƙar biki, ko kiɗan 'yan dako, ko muryar kaka tana tatsuniya. Kaset ba ya jure zafi da laima, zarensa yana manne wa juna ya lalace. A samu mai tsohuwar rediyo, a kunna, a ɗauka a waya, a tura wa mutum uku a garuruwa daban-daban. In tsoho yana raye, a zauna da shi a tambaye shi tun bakinsa na motsi, kuma a nemi izininsa kafin a yaɗa. In kuwa Allah Ya sa wani ya taɓa ɗaukar wani mai goge da ya yi aiki a lokon Kafanchan, to ina da dattijo a gida da zai so ya ji.

Gogen nan yana wurina yanzu. Tsohon ya ce in tafi da shi, gara ya bar gidansa kafin ya mutu 'ya'ya su gani. Na rataye shi a cikin sito, bayan buhuna. Baba ya gan shi tun ranar farko bai ce komai ba, sai dai na lura wani yana kakkaɓe masa ƙura, kuma ba ni ba ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe musu kurakuransu, Ya zaunar da garinmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.